Kashin Kyanwa a Lambu: Yadda Ake Kwashe Shi da Inda Za a Kai Shi

Kashin kyanwa ba taki ba ne. Masu lambu da dama in sun gan shi a fangali sai su ture ƙasa a kai, a ganinsu zai ruɓe kamar na akuya. Akuya ciyawa take ci. Kyanwa kuwa ɓera da tsuntsu da ɗanyen nama ne cimarta, kuma daga nan take ɗauko ƙwayar cutar da likitoci ke kira toksoplasma, wadda kan jawo wa mai juna biyu ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tumaki da awaki ma tana sa su ɓari. Akwai kuma ƙwan tsutsar ciki da ke shiga yara ta hannu mai ƙasa, da wata ƙaramar tsutsa mai huda fatar ƙafa ta riƙa tafiya a ƙarƙashinta, tana barin jan layi mai tsananin ƙaiƙayi.

Sauƙin abin yana ga lokaci. Ƙwayar toksoplasma ba ta iya kama mutum a ranar da ta fito, sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta nuna. Ƙwan tsutsar ciki kuma sai ya yi mako 2 zuwa 4. Amma da zarar sun nuna, suna iya wuce shekara a ƙasa mai laima da inuwa. Saboda haka wanda ke zaga lambunsa kowace safiya ya kwashe na daren jiya ya fi wanda ke bari sai ƙarshen mako ya yi gagarumin aiki.

Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu ta roba, ƙaramin shebur ko tsohon ludayi da aka ware don wannan kaɗai, leda 2, da takalmi rufaffe. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su bar wa wani aikin. Kada kuma a tura yara.

Kyanwa binne kashinta take yi, don haka a nemi ɗan tudun ƙasa mai sawun farce a gefe. A zura shebur ta ƙasa a ɗago kashin tare da ƙasar da ke kewaye da shi, kamar santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe da ta ƙasa. Nan ne aka fi yin kuskure: a tsince dunƙulen a bar ƙasar da ta sha danshinsa. In gudawa ce, a barbaɗa toka ko garin katako, a jira minti 10 ya tsotse, sannan a kwashe. In ya bushe ƙayau, musamman da hunturu, a fara yayyafa ruwa kafin a taɓa shi, kuma kada a sa tsintsiya, don ƙurar da za ta tashi tana iya shiga baki ko ta sauka a kan latas. A zuba a leda a ƙulle, a saka a ta biyu a sake ƙullewa. Bayan an gama a wanke shebur da tafasasshen ruwa, a wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce, ko da an sa safar hannu.

Sai batun inda za a kai shi. In akwai masu kwasar shara, ledar ta shiga bola mai murfi, ba jujin bakin ƙofa da kaji da awaki ke tonawa ba. Gidan da ke da masai na rami ya fi kowa samun sauƙi: a juye kashin a ciki, ban da ledar. Masai na ruwa kam a bar shi, yashin da ke manne da kashin yana toshe bututu. In babu masu kwasar shara kuma babu masai na rami, a haƙa rami mai zurfin aƙalla santimita 40, nesa da kayan miya, kuma kamar mita 30 daga rijiya, a binne a danne da dutse. Ba a zubawa a kwata, domin ruwan damina zai kai shi rafi ko fadamar da wasu ke ban ruwa. Ba a kuma sa shi a ramin taki. Sai zafi ya kai wajen digiri 60 ya ratsa ko'ina kafin ƙwayoyin su mutu, tarin takin gida kuwa da wuya ya yi wannan zafin, balle gefe-gefensa. Ƙarshenta mutum da hannunsa zai watsa cutar a duk lambun.

A kan siminti ko tayil, bayan kwashewa a kwara tafasasshen ruwa, a bar shi ya ɗan jima, sannan a goge da omo. Ruwan bilic yana kashe wari da wasu ƙwayoyin, amma ɓawon toksoplasma ya fi ƙarfinsa. A guji maganin wanke-wanke mai sinadarin amoniya, warinsa na kama da na fitsari, sai ya zama kamar an kira kyanwar ta dawo. Dettol da Izal kuma guba ne ga kyanwa in ta taka ta lashe ƙafa. Fangalin da aka daɗe ana ɓatawa, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai shara-shara, a danne bakinta da ƙasa, a bar shi mako 4 zuwa 6 cikin zafin Maris da Afrilu. Wannan yana rage ƙwayoyin da ke saman ƙasa.

Ganyen da kashin ya taɓa a cire a yar. Sauran latas, kabeji, karas da lansir a wanke ganye-ganye da ruwa mai yawa. Gishiri da ruwan tsami ba sa kashe ƙwayar, wankewar ce ke fitar da ita. Abin da za a dafa, kamar alayyafo da yakuwa, wuta ta gama da shi.

Hana dawowa ya fi kwashewar wuya. Kyanwa tana son ƙasa busasshiya mai laushi, shi ya sa sabon fangali da tarin yashin gini suka fi jan ta. Abin da ya fi aiki shi ne a hana ta wurin tono da tsugunawa. A shimfiɗa ragar waya ta kejin kaji a kan fangali bayan an yi shuka, tsiro zai fito ta ramukan. In babu raga, a jera rassan ƙayar magarya ko ta aduwa, ko a kafa tsinken kara a tazarar santimita 15. Gindin bishiya da tukwanen fure a rufe su da manyan tsakuwa. Ban ruwan yamma ma yana taimakawa, ba ta son laima a ƙafa. Yashin gini da wurin wasan yara a lulluɓe da buhu ko tamfol da dare. Ɓawon lemo da wasu ke zubawa don korar kyanwa yana yin kwana biyu ko uku ne warinsa ya tafi. Barkono yana ƙona mata ido, ruwan farko kuma zai wanke shi. Kafur da shinkafar ɓera kada a kusance su, don kaji da yara ne za su fara tsinta, kuma ko an kashe wannan muzurun wani zai gaji wurin.

In kyanwar ta gida ce, a yi mata makewayi. A samu tsohon baho ko a ware lungu a gefen katanga, a zuba yashi mai zurfin santimita 8 zuwa 10, a sa ɗan kashinta a ciki a karon farko don ta gane. A kwashe kullum, a canja yashin duk mako, in ba haka ba za ta ƙyamace shi ta koma fangali. A daina ba ta ɗanyen nama da kayan ciki, a dafa tukuna. Maganin tsutsa kuma a karɓo wurin likitan dabbobi duk wata 3, gwargwadon nauyinta. Wannan maganin tsutsa kawai yake kashewa, ba ya taɓa toksoplasma, don haka ko an ba ta, kwashewar safe tana nan.