Idan Tsohuwar Mota Tana Harbi ta Kafireto: Yadda Ake Gano Matsalar da Gyara Ta

Abu na farko da ya kamata mai mota ya tantance shi ne inda ƙarar harbin take fitowa, domin harbin da ke fitowa ta bakin kafireto (na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin) da wanda ke fitowa ta salansa ba tushensu ɗaya ba. Na salansa yawanci fetur ne da bai ƙone a cikin injin ba ya gangara cikin bututun hayaƙi ya kama wuta a can, musamman idan an ɗaga ƙafa daga totur kuma akwai ɓula a bututun. Na kafireto kuwa wuta ce ta komo baya ta hanyar da mai da iska suke shiga, kuma shi ne ya fi haɗari, tunda yana iya tayar da gobara a ƙarƙashin bonet. Bayanin da ke tafe an gina shi ne a kan Peugeot 504 mai amfani da fetur, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, amma hanyar binciken ta shafi sauran motoci irinta.

Akasarin mutane suna fara kwance kafireto, alhali sau da yawa laifin na ɓangaren wutar lantarki ne. A fara da wayoyin filogi, a tabbatar kowace tana inda ya dace bisa tsarin 1-3-4-2, a kuma tuna cewa a wannan injin silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da akwatin giya. Bakaniken da ya saba da wasu motocin yakan fara ƙirga daga gaba, ya sauya wa wayoyin wuri, sai filogi ya ba da wuta a lokacin da bawul ɗin shigar mai, wato ƙofar da mai da iska ke bi su shiga silinda, yake buɗe. Daga nan a cire murfin distiributa (na'urar da ke rarraba wuta ga filogi) a haska shi da kyau, domin ƙaramar tsaga ko danshin damina sun isa su sa wuta ta tsallaka zuwa silindar da ba tata ba. A duba tazarar kontak (ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa), wadda ta kamata ta kasance milimita 0.4, sannan a daidaita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, da fitilar gwaji bisa adadin da littafin motar ya bayar. Daidaita shi da kunne kawai, kamar yadda aka saba a gareji da yawa, caca ce.

Idan wuta ta tabbata lafiya, sai a nemi inda iska ke kutsawa ba bisa ƙa'ida ba. Haɗin mai da iska wanda iska ta yi wa yawa kuma mai ya yi wa kaɗan yana ƙonewa ne a hankali, har ya kai lokacin da bawul zai sake buɗewa alhali akwai ragowar wuta a cikin silinda, sai ta kunna sabon haɗin da ke shigowa. A bar injin yana silo, a fesa maganin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a gindin kafireton, da inda manifol (bututun da ke kai haɗin daga kafireto zuwa silinda) ya haɗu da kan injin, da bututun robar da ke tafiya zuwa sabo, wato na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi. Duk inda sautin injin ya canza, nan ɓarakar take. Maganin yana kama wuta, saboda haka a ajiye abin kashe gobara a kusa. A girgiza sandar totur ma, domin idan ta cinye mazauninta tana shigar da iskar da babu sukurun da zai iya gyarawa.

Sai yanzu ne lokacin kafireton kansa. A kashe injin, a cire matatar iska, a leƙa ciki ana danna totur da hannu. Ya kamata a ga siririn fetur yana fesowa da ƙarfi. Idan bai fito ba, ƙaramin famfon da ke cikin kafireton ya lalace ko hanyarsa ta toshe, kuma wannan ne ke sa mota yin tari da harbi da zarar an taka ta. A wanke jet, wato ƙaramin ramin da fetur ke bi a cikin kafireto, da magani a hura shi da iska, kada a zura masa waya, domin tana faɗaɗa ramin. A duba tsayin fulot (abin da ke yawo a kan fetur yana daidaita yawansa a kwanon kafireto), da matatar mai, da famfon mai, kuma idan an tarar da jan gari a cikin kwanon kafireto, tsatsar tanki ce, wadda za ta dawo matuƙar ba a sauke tankin an wanke shi ba.

Harbin da ya ci gaba bayan duk wannan yana nuni ga bawul. A auna tazararsu da injin a sanyaye: milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, kuma idan ya riga ya ƙone, gwajin matsin silinda zai nuna silindar da ta yi rauni, a nan kuwa sai an sauke kan injin.

A duk gwajin da za a yi da injin a kunne, a mayar da matatar iska wurinta, kada a kusantar da fuska ga bakin kafireto, kuma kada a zuba masa fetur da hannu ana tada mota. Idan harshen wuta ya bayyana a bakinsa lokacin tayarwa, a ci gaba da murɗa makulli, domin injin zai iya zuƙe wutar. Idan ba ta mutu nan take ba, a kashe mota a fesa mata abin kashe gobara.