Yadda za ka shirya wa hoton hanji in kana fama da cutar Crohn

Abin da ke damuna da wannan ciwo na kumburin hanji shi ne ciwon ciki da gudawa na iya lafawa amma kumburin na nan yana ci ta ciki, shi ya sa likita ke turawa hoto. Kyamarar da ake zurawa ta dubura ba ta kaiwa yawancin ƙaramin hanji.

In MRI aka rubuta maka, wato hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, ka daina cin abinci awa 4 zuwa 6 kafin lokacin. Da ka je za a ba ka wani ruwa wajen lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka riƙa kurɓa cikin kamar minti 45, don Allah ka daure ka shanye, shi ke buɗe hanjin har a ga inda bango ya yi kauri ko ya tsuke, ko ƙurji ya tara mugunya. Yana sa gudawa bayan an gama, kar ka tsorata. Faɗa musu tun farko in kana da ƙarfe a jiki ko ciwon ƙoda, mai juna biyu ma ta faɗa.

Sikanin ciki na ultrasound, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ya fi sauƙi da araha, kaurin bango in ya wuce milimita 3 alamar kumburi ce. Hoton CT kuwa, wanda ake ɗauka da X-ray, an fi yin shi a halin gaggawa, akwai tururin radiyeshin, ba a son yawan maimaita shi musamman ga matasa.

Ka tafi da tsoffin hotunanka a kwatanta. Sannan a ƙasarmu ka tambayi likita batun tarin fuka na hanji, don a hoto suna mugun kama da Crohn kuma maganin Crohn na iya ta'azzara tarin fukan.