Ba ko'ina ake sa "nasara" ba

Jama'a masu fassara daga Turanci ko Faransanci, ku daina liƙa "nasara" duk inda kuka ga success ko réussite. Ku fara duba wa ake magana a kansa. Yaron da ya haye BEPC ko Bac, jarrabawa ya ci. Ɗan kasuwa a Marwa buɗi ya samu, ko kasuwa ta yi albarka. Mara lafiyar da aka yi wa tiyata, an dace.

"Nasara" ta fi zama inda aka kara da wani, kamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ta Garwa in ta doke abokiyar hamayya. Sannan a nan Kamaru Bature ma Nasara muke ce masa, rubutu kuwa ba ya nuna karin murya. Don haka ku haɗa ta da "yi" ko "samu", kada ta tsaya ita kaɗai a kan allo.