Zuba Faiba a Kankare: Inda Take Amfani da Yadda Ake Kwaɓa Ta

Tun da kuɗin rodi ya yi tashin gwauron zabo, tambayar da masu gini suka fi yi mini ita ce ko faiba, wato gajerun zaruruwan roba ko na ƙarfe da ake cuɗawa a kankare, za ta maye gurbinsa. A dakin (rufin kankare) da fila (ginshiƙi) da bim da linta, amsata a'a ce, kuma ba na sassautawa. Amma a daɓen sito, da harabar gida, da filin ajiye motoci, da filasta, tana da aikin da rodi ba ya yi.

Kankare jarumi ne idan nauyi ya danne shi, rago ne idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danniya ba, shi ya sa yake tsagewa. Maginan ƙasa sun san wannan ciwon tun kaka da kakanni, don haka suke cuɗa ramno a ƙasar gini kafin su mulmula tubali. Aikin faiba ke nan a kankare: dubban gajerun zaruruwa a warwatse ta kowace fuska, duk inda tsaga ta kunno kai sai ta tarar da zare ya gitta mata. Binciken da Romualdi da Batson suka wallafa a Amurka a 1963 kan saka siraran wayoyin ƙarfe a kankare na cikin abin da ya buɗe wa wannan fasaha hanya a zamaninmu.

Sai dai ka san irin ƙarfin da take ƙarawa. Idan ka zuba kankare a ƙaramin akwatin gwaji mai santimita 15, ka kai shi injin matsa bayan kwana 28, lambar da za ka gani da faiba ko babu ita kusan ɗaya ce. Wani lokacin ma mai faibar ne ke gazawa, idan ba a girgiza shi ya zauna ba. Bambancin yana fitowa ne idan aka lanƙwasa dogon sandan kankare. Wanda babu faiba ya karye ɓaras, gida biyu. Mai faibar ƙarfe zai tsage, amma ya ci gaba da riƙe kaya, tsagar na buɗewa a hankali. To wannan taurin kan bayan tsagewa shi kake saye, tare da jure bugu da gogayyar tayoyi.

Wacce za ka saya? Faibar roba siririya, mai kama da gashi, tsawonta milimita 12 zuwa 19, ita ce ta aikin gida. Ana zuba giram 600 zuwa 900 a kowace kubik mita. Amfaninta a sa'o'in farko ne, lokacin da kankare yake ɗanye. Duk wanda ya taɓa zuba daɓe da hunturu ko a tsakiyar bazara ya ga yadda iska ke zuƙe ruwan saman kafin na ƙasa ya taso, kafin la'asar fuskar ta cika da ƙananan tsagogi. Wannan ne take ragewa sosai. Bayan kankare ya ƙanƙare kuwa, kada ka ɗora mata nauyin komai.

Faibar ƙarfe ita ce ta aiki mai nauyi, irin daɓen masana'anta da inda tirela ke juyawa. Tsawonta milimita 30 zuwa 60, yawancinta da ɗan lanƙwasa a baki don ta kama kankare, kuma ana zuba kilo 20 zuwa 40 a kubik mita. A daɓen da ke zaune a kan ƙasa tana iya maye gurbin ragar waya, amma injiniya ne zai yi lissafin, ba mai shago ba. Akwai kuma roba mai kauri da ke irin wannan aiki ba tare da tsatsa ba. Faibar gilashi kuwa sai wadda aka yi don jure kaifin siminti, in ba haka ba ya cinye ta. Haka yake yi wa zaren kwakwa da na rama bayan 'yan shekaru, don haka ni ba na sa su a abin da ake so ya daɗe. Asbestos kuwa, da aka daɗe ana yin rufi da silin da shi, ƙurarsa na jawo sankarar huhu. Ka nisance shi.

Ga lissafi da daɓe mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, kaurin santimita 15. Kubik mita 15 ke nan. A haɗin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kubik mita ɗaya na cin kusan buhu 6 na siminti mai kilo 50, wato buhu 90 gaba ɗaya. Idan giram 900 za ka sa, kana buƙatar kilo 13 da rabi na faibar roba, kowane buhu ya tashi da giram 150. Ka auna wannan a sikeli, ka ƙulla a leda-leda tun ana gobe za a yi aikin. Idan ka bar lebura ya riƙa dumbuza da hannu, kwaɓin safe zai yi gashi buzu-buzu, na yamma ya tashi fayau.

Wajen kwaɓawa, ka nemi injin kwaɓa kankare. Shebur ba ya warwatsa faiba yadda ya kamata. A fara zuba tsakuwa da yashi da wani ɓangare na ruwa, injin na juyawa a riƙa barbaɗa faibar kaɗan-kaɗan, tsakuwar ce za ta wartsake ta. Sai siminti da sauran ruwan, a bar injin ya ƙara juyawa minti 4 zuwa 5. Kada a zuba faiba a injin da babu komai, kada kuma a juye ta gaba ɗaya, don dunƙulewa za ta yi. Ɗebi cikin shebur ɗaya ka baza a ƙasa ka duba. In ka ga curi, kwaɓin bai yi ba. Mai taɓa faibar ƙarfe ya sa safar hannu mai kauri da takalmin roba, domin tana suka.

A nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Kankare mai faiba yakan yi kamar ya bushe, ya ƙi gudu daga baro, nan take sai ka ji birkila ya ce, "Yaro, ƙaro ruwa!" Hana shi. Taurin na ido ne kawai, da an sa injin girgiza zai kwanta. Buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da kimanin jarka ɗaya mai lita 25 ba, ƙasa da haka ma idan yashin jiƙaƙƙe ne. Ruwan da ya wuce kima yana barin ƙofofi a cikin kankare idan ya ƙafe, kuma ƙarfin da zai tafi da shi ya fi duk abin da faiba za ta kawo. In dole sai an sassauta kwaɓin, akwai ruwan magani na tausasa kankare, a bi ma'aunin da ke jikin jarkarsa. Tsakuwar ma kada ta wuce milimita 20.

Bayan an zuba, a girgiza, a ja katako a daidaita, amma kada a ja shi da manjagara, tana tattaro zaren wuri guda. Gashin robar da ya leƙo sama zai goge da kansa idan aka fara takawa. Na ƙarfen da ke fuska zai yi ɗigon tsatsa idan ruwa na dukansa. Ba ya cin kankaren zuwa ciki, amma in kwalliya kake so a tsakar gida, ɗauki roba.

Faiba ba ta ɗauke maka ban ruwa. Ka rufe daɓen da leda ko jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7. Sannan a yanka masa layukan numfashi kafin ya kwana ya wuni, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa. A daɓe mai santimita 15, tazarar kusan mita 4 tsakanin layi da layi ta isa, don in zai tsage ya tsage a cikin layin.