Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar kakanni masaƙa a Sikotland

Masaƙan hannu na Sikotland sun haura dubu 80 a wajajen 1840. Shekara goma bayan haka injin masana'anta ya cinye mafi yawan aikinsu, suka watsu: wasu masana'anta, wasu Kanada da Amurka da Ostareliya. Jikokinsu ne yau ke neman su a shafin ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun ƙasar ke gudanarwa daga Edinburgh. Binciken suna a shafin kyauta ne, buɗe hoton takarda ne ake biya. Yawancin kuɗin da ke salwanta kuwa a kan 'yan kurakurai kaɗan ne da ake ta maimaitawa.

Babbansu shi ne tsallake 1855. Ranar 1 ga Janairun wannan shekara gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan littattafan coci kawai ake da su. Mai bincike kan ji cewa an haifi kakansa a 1810, sai ya zarce littafin coci, ya ga suna ya yi daidai, ya ɗauka. Gyaran shi ne ka fara da mutuwar mutumin, muddin ya kai 1855 a raye. Takardar mutuwa ta Sikotland tana da abin da ta Ingila ba ta da shi: sunan uban mamaci da sana'arsa, da sunan uwarsa haɗe da sunan gidansu na kafin aure, wanda ake sa wa alamar M.S. a gaba. A gefe za ka ga sunan mata ko miji (ban da takardun 1856 zuwa 1860), shekaru, ciwon ajali, da wanda ya kawo rahoto. Ka tsaya a kan wannan na ƙarshe. In ɗan mamaci ne ko ɗan'uwansa, maganarsa tana da nauyi. In maƙwabci ne ko ma'aikacin gidan gajiyayyu, sunan uwar na iya zama cinke ne kawai. A irin wannan hali ka nemo takardar mutuwar wa ko ƙanwar kakan naka, ka gwada su.

Takardun shekarar 1855 kanta sun fi na kowace shekara ƙunshiya. Ta haihuwa tana faɗin shekarun iyaye, inda aka haife su, da yawan 'ya'yan da suka riga suka haifa, rayayyu da matattu. Ko da ba kakanka aka haifa a shekarar ba, in akwai ƙaninsa da ya zo duniya a 1855, wannan takarda ta fi cancantar kuɗinka. Rana da wurin auren iyaye ma suna ciki. An cire su daga 1856 zuwa 1860, aka dawo da su a 1861.

Sai rikicin suna, wanda a garuruwan saƙa ya fi ko'ina tsanani. Al'adar ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari ta ci sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Gidan attajirin nan Andrew Carnegie misali ne: uban, William, masaƙin hannu ne a Dunfermline, ya sa wa ɗan farinsa da aka haifa a 1835 sunan nasa uban, Andrew, na biyu kuma Thomas, sunan surukinsa Thomas Morrison. To ka ɗauka 'yan'uwa maza huɗu ne, duk masaƙa, duk a layi ɗaya, kowa ya sa wa ɗan farinsa sunan tsohonsu. Cikin shekara biyar an sami yara huɗu masu suna ɗaya, kuma dukkansu za su girma su zama masaƙa. Kama da wane ba ta wane. Kada ka amince da shaidar da ba ta haɗa abu uku ba: sunan uba, sunan gidan uwa, da wuri. Al'adar sa sunan nan manuniya ce kawai, ba kowane gida ke binta ba. Kuma in yaro ya rasu, sau da yawa ana mayar wa na bayansa sunan, saboda haka baftisma biyu masu suna ɗaya a gida ɗaya ba kuskuren magatakarda ba ne.

Mata kuwa ba sa rabuwa da sunan gidansu. Gwauruwa kan koma gare shi bayan rasuwar miji, a haka za ka same ta a ƙidaya. Jean da Jane da Janet da Jessie kan maye gurbin juna, haka Agnes da Nancy, Peter da Patrick, Donald da Daniel. Mac da Mc da M' duk abu ɗaya ne, sai ka sa alamar tauraro a akwatin bincike ta kamo su gaba ɗaya.

Kuskure na gaba ya fi shafar masaƙa fiye da manoma, kuma shi ne ya fi sa mutane fid da rai. Littattafan da ake kira OPR, wato tsofaffin littattafan rajistar coci na kafin 1855, na cocin gwamnati ne kaɗai. Masaƙa mutane ne masu karatu da gardamar addini da siyasa, da yawansu sun bi cocin da suka ɓalle: na 1733, na 1761, sai babbar ɓarakar 1843 da ta haifi Free Church. Masaƙan da suka ƙetaro daga Ailan zuwa Girvan da Glasgow kuma akwai 'yan Katolika da yawa a cikinsu. A shafin, waɗannan rukunoni daban-daban suke, dole ka bincika kowanne da kansa. Akwai kuma harajin kwabo uku da aka ɗora wa kowace shigarwa daga 1783 zuwa 1794, wanda ya sa talakawa da dama suka ƙi rubuta 'ya'yansu. Rashin ganin suna a OPR ba hujja ba ce ta cewa ba a garin aka haifi mutum ba. Mafi muni shi ne mai bincike ya cike gurbin da wani mai irin sunan daga gunduma mai nisa, don kawai shi ne ya fito.

A tuna cewa ranar da ke littafin sau da yawa ta baftisma ce, ba ta haihuwa ba, ta aure kuma ta shela ce. In ango da amarya ba Ikklesiya ɗaya suke ba, wato yankin da ke ƙarƙashin coci guda, a kan yi shela a duka biyun, sai ka ga shigarwa biyu. Aure ɗaya ne.

Iyakar Ikklesiya ma tana ɓatar da mutane. Unguwannin masaƙa na Calton da Bridgeton da Anderston yau cikin Glasgow suke, amma a littattafan da suna ƙarƙashin Ikklesiyar Barony. A Paisley wani ɓangaren garin yana ƙarƙashin Ikklesiyar Abbey. Tsofaffin taswirorin da ɗakin karatu na ƙasa ya sa a intanet kyauta za su nuna maka layin da gidan yake.

Ƙidayar 1841 tana da nata tarkon. Duk wanda ya wuce shekara 15 an rage masa shekaru zuwa biyar ɗin da ke ƙasa: mai 44 a rubuta 40. Ke nan wanda aka rubuta wa 40 an haife shi ne tsakanin 1796 da 1801. Ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, kuma wurin haihuwa e ko a'a ne game da gundumar, sai alama ga wanda aka haifa a Ingila, Ailan ko ƙasashen waje. Ta 1851 ce ta fara ba da ainihin shekaru da Ikklesiyar haihuwa, da ita za ka gyara ta 1841.

Layin sana'a kada ka wuce shi da sauri. H.L.W. masaƙin hannu ne, P.L.W. mai aiki a kan injin masana'anta, kuma waɗannan mata ne galibi. Pirn winder ita ce mai tariya, matar gida ko yarinya da ke naɗa zare a kwarkwaro. Warper mai wadari ne. A tsofaffin littattafai za ka ga wabster ko textor. Irin saƙar tana nuna yanki: mayafai masu zane a Paisley, lilin mai fure a Dunfermline, lilin mai kauri da rama a Dundee da Forfar, ulu a Galashiels. Iyali ya ɓace daga Paisley tsakanin ƙidayar 1841 da ta 1851? Ka tuna kasuwar garin ta durƙushe daga 1841 zuwa 1843. Ya ɓace daga Glasgow a 1820 ko 1821? A shekarun ne ƙungiyoyin ƙaura suka kwashi masaƙa zuwa gundumar Lanark ta Ontario a Kanada.

Wasu kan ɓata lokaci suna neman kaka a rajistar ƙungiyar masaƙan Glasgow, wadda ta sami takardar amincewar hukuma a 1528. Membobinta masu gidan sana'a ne na cikin birni. Masaƙin Calton da ke karɓar zare daga hannun ɗan kasuwa yana saƙawa a ɗakinsa da wuya ya shiga ciki. Wasiyya ma haka, kaɗan ne suka bar abin rabawa. Inda talaka ya bar sawu shi ne takardun neman tallafi bayan dokar gajiyayyu ta 1845. Na Glasgow suna ɗakin karatu na Mitchell, sun fara daga 1851, kuma shafi ɗaya kan ɗauki wurin haihuwa, sunayen iyaye da na surukai, addini, 'ya'ya da abin da kowannensu ke samu a mako, da gidajen da aka zauna. Kafin 1845 sai ka koma kundin majalisar dattawan coci, wanda shafin ya fara buɗewa a 2021. Sai ka bi shi shafi-shafi, amma a nan ake samun kuɗin hayar baƙin mayafin rufe akwatin gawa, wanda a Ikklesiyoyi da yawa shi kaɗai ne shaidar ranar da mutum ya mutu.