Kurakuran da aka fi yi wajen cin abinci a jirgin ruwan yawon buɗe ido

Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji daga Miami a watan Janairun 2024, yana da wuraren cin abinci sama da 20. Fasinjojinsa kan kai 7,600 idan ya cika maƙil. A irin wannan wuri yunwa ba ta kama mutum, amma yawan abincin shi kansa kan ruɗa baƙo, ya yi mako guda yana cin abin da bai dace ba, ko ya biya kuɗin da bai kamata ya biya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya lizimci zauren ɗiba-da-kanka tun daga ranar farko har ya sauka. Zauren yana can sama, kusa da wurin iyo, kuma shi ne wanda kowa ke fara gani. Ga shinkafa, ga taliya, ga kaji, ga kek, sai kwaɗayi ya tashi, a cika faranti har miya ta haɗu da kayan zaƙi. Alhali akwai babban zauren cin abinci inda za a zaunar da kai a kawo maka abinci da zafinsa, kuma kuɗinsa yana cikin tikitin da ka riga ka saya. Mutane da yawa suna ƙin shiga don sun ga tebura da farin ƙyalle sun ɗauka na manya ne. Naka ne. Duba katin ɗakinka ko manhajar jirgin, za ka ga lokacin cin abincin dare da aka ware maka.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa komai kyauta ne. Ruwa, shayi da kofi na yau da kullum ba a biya, amma lemon kwalba da gidajen abinci na musamman, irin na gasasshen nama ko na Japan, duk da kuɗinsu. Ba a karɓar tsaba, kati kawai ake gogawa, shi ya sa mutum ba ya jin zafin fitar kuɗin sai daren ƙarshe da aka miƙo masa lissafi. Kan hakan akwai tukuicin ma'aikata da manyan kamfanonin Amurka ke cirewa kowace rana, kimanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum. A riƙa duba lissafin kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne batun halal, domin a nan ne kunya take cutar da mutanenmu. Mutum ya ga nama ja an yanka shi siriri a kan fiza, ya ji nauyin tambaya, ya ci. Naman alade kan ɓuya a wuraren da ba a zata ba: a cikin waken karin kumallo, a soyayyiyar shinkafa, a barbaɗe kan salak. Giya kuwa tana shiga miyar nama da wasu kayan zaƙi irin su tiramisu. A zauren ɗiba-da-kanka ga wata matsalar, wani ya ɗauki cokalin wannan kwano ya tsoma a wancan. Maganin yana farawa tun kana gida. Ka rubuta wa kamfanin lokacin da kake sayen tikiti, domin wasu suna neman a sanar da su kwana 45 kafin tashi, tunda a tsakiyar teku babu kasuwar da za a aika a sayo nama. Daren farko kuma ka nemi shugaban masu hidima na zaurenka ka gaya masa abin da ba ka ci. Sau da yawa zai kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa, a dafa naka daban. Matambayi ba ya ɓata. Idan ba a samu naman halal ba, kifi da abincin ganye irin na Indiya sun wadatar, kuma da daɗi. Wanda ke son cikakken kwanciyar hankali sai ya duba AROYA, kamfanin jiragen ruwan yawon buɗe ido na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a watan Disambar 2024.

Guzuri ma sai an kiyaye. Kilishi da dambun nama ba sa tsallake kwastan a Amurka, kuma jiragen ba sa yarda a shigo da dafaffen abinci daga gida. Haka idan jirgi ya tsaya a wata tasha, kada a cusa tuffa ko ayaba a jaka a sauka da su. Ƙasashe irin su Ostareliya da New Zealand suna cin tara a kan haka, saboda kare gonakinsu daga ƙwari da cututtuka.

Sai wanke hannu. A ƙofar kowane zaure akwai man goge hannu, mutane su shafa su wuce. Ƙwayar norobairos, mai haddasa amai da gudawa a irin waɗannan jirage, ba ta jin wannan man sosai. Sabulu da ruwa ne maganinta, na tsawon daƙiƙa 20. Ka wanke kafin ka ɗebi abinci, ka sake wankewa kafin ka kai loma baki, domin hannaye ɗaruruwa sun riƙe cokalin da ka riƙe. Idan cikinka ya ɓaci, ka kira asibitin jirgin daga ɗakinka, kada ka shiga layin abinci.