Babi na 7: Karayar hannu da wuyan hannu

Darasi na 1: Yadda ake gane karaya

Iyayena da 'yan uwana, kowa ya miƙe hannunsa ya duba. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙashi 27: ƙanana 8 a wuyan hannu, 5 a cikin tafi, 14 a yatsu. Daga gwiwar hannu kuma dogayen ƙasusuwa 2 ne suka sauko. Na ɓangaren babban yatsa shi ya fi karyewa, dab da wuyan hannu, domin duk wanda zai faɗi da tafi yake dafa ƙasa, ko yaro ne daga kan mangwaro, ko ɗan acaɓa, ko tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin rijiya.

Alamun su ne zafi, kumburi, kasa riƙe ko da kofi, wani lokaci hannun ya lanƙwashe. Za ku ji ana cewa, "Ai yana motsa yatsu, targaɗe ne kawai." Kada ku yarda. Mai karaya ma yakan motsa yatsu. Hoton ƙashi ne ke raba gardama.

Yanzu ku ɗaga babban yatsa sama. Kun ga ɗan ramin da ya fito a gindinsa, ta bayan hannu? Akwai ƙaramin ƙashi a ƙarƙashinsa wanda jini ba ya isarsa sosai. In mutum ya faɗi, aka danna ramin ya ji zafi, a ɗauka karaya ce. Sau da yawa hoton farko ba ya nuna ta, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. In likita ya ce a dawo, a dawo.

Darasi na 2: Taimakon farko

Da farko a cire zobe, awarwaro da agogo tun hannu bai kumbura ba. In akwai rauni, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a ja hannun wai don a miƙar da shi, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi.

A samo kwali a ninka, ko siririn katako, a shimfiɗa masa zane mai taushi. A ɗora hannun a kai, daga kusa da gwiwa zuwa tafi, a naɗe da ƙyalle. A bar yatsu a waje.

Ga inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Bayan an ɗaure, a duba yatsu. A taɓa su: da ɗumi ko sun yi sanyi? A tambayi mai ciwon: kana jin taɓawata? A ce ya motsa su. Sannan a danna farce har ya yi fari, a saki. Jan ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2, wato kafin ku ce "ɗaya, biyu" a natse. In farcen yana da lalle, ɗumi da ji da motsi su za a dogara da su.

Ku gwada a farcenku yanzu. Ku danna, ku saki. Madalla. Ku gwada a na kusa da ku. Wanda bai gani ba ya sake, ba abin kunya ba ne.

Ɗauri ba ya son tsauri. Yatsanku ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin ƙyallen. Hannu yana ƙara kumbura bayan an ɗaure, ɗaurin da ya yi daidai da azahar zai iya matsewa kafin la'asar. Saboda haka a sake duba yatsu a gida, a sake a mota, a sake a layin asibiti. In sun yi sanyi, ko sun yi fari ko duhu, ko ba a jin su, ko zafi yana ta ƙaruwa, a sassauta nan take.

Na sha ganin wanda ya ɗaure da kyau a aji, amma ya manta da yatsu. Haba jama'a! Kullum sai na faɗa? Ɗaurin da ya toshe jini, cikin sa'o'i kaɗan yake fara kashe nama, kuma ta haka ake yanke wa yara hannu a kan karayar da za ta warke cikin wata guda. Ko wane ne ya yi ɗorin, ko mai ɗorin da kuka gada tun kakanni, in yaro ya kwana yana kuka yatsunsa sun yi sanyi, ba warkewa ba ce. A kwance ɗaurin, a tafi asibiti a daren.

Bayan an ɗaure hannun a kan kwali ko katako, a rataye shi a wuya da ɗankwali ko mayafi, tafi ya fi gwiwa tudu. Ana iya shan farasitamol. Sai a duba yatsu.

Darasi na 3: A asibiti

Za a yi hoto. In ƙashi bai goce ba, a sa siminti, babba kamar mako 6, yaro ƙasa da haka. In ya goce, a gyara zamansa bayan an ba da maganin kashe zafi, wani lokaci a yi aiki a sa ƙarfe. Manyan karaya akan tura su asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano. In ƙashi ya huda fata, ba a kwana da shi a gida, kuma a tambayi allurar tetanus.

Kada siminti ya jiƙe, kada a zura tsinke a ciki don susa. A riƙa motsa yatsu, a riƙa duba su safe da yamma.

Darasi na 4: Yatsa

Yatsan da ya bugu, a sa auduga tsakaninsa da na kusa da shi, a haɗa su da filasta. In ya karkace, ko ya hau kan ɗan uwansa idan an dunƙule hannu, sai asibiti.

Darasi na 5: Bayan an cire siminti

Hannu zai yi tauri. A riƙa lanƙwasa shi a hankali kullum, kada a ɗauki kaya mai nauyi sai likita ya yarda.

Aikin gida: kowa ya zo da kwali da ɗankwali ranar aji na gaba.